Farantan Sun Daina Dawowa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau an ɗauke tebura huɗu, saura takwas. Manaja ta ce inda suka tashi benci za a sa, don masu babur da ke zuwa ɗaukar oda su daina tsayuwa a bakin ƙofa suna tare wa kwastomomi hanya. Waɗanne kwastomomi? Na so in tambaya, na haɗiye.

Manaja nake rubutawa saboda haka ta ce a riƙa kiran ta a wurin aiki. 'Yar Baba ce, mai gidan abincin nan, kuma a ƙarƙashin teburin da nake yanka albasa take wasa tana ƙarama. Shekara goma sha tara ke nan tukunyar gidan nan tana hannuna. Ita ta je ta karanto kasuwanci ta dawo, Baba kuma ƙafa ta zaunar da shi a gida, ya miƙa mata makullai. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta da raini, har gobe Inna take ce min. Amma ko gaishe ka take yi, idonta yana kan waya.

Ta tara mu bayan cinkoson rana, in dai mutum tara cinkoso ne. Ni, da Sauri mai kai abinci tebur, da Rediyo mai wanke-wanke. Sauri mun sa masa sunan ne don kafin ya kawo ruwa, mai ƙishi ya haƙura. Rediyo kuwa ba sai na yi bayani ba. Manaja ta ce cikin abinci goma da muke sayarwa, bakwai a roba suke fita. Ta ce ba mu kaɗai ba ne, ko'ina haka ake ciki, mutane sun daina zama, sun fi so a kai musu ofis ko gida. Idan har ƙarshen wata ba a ga canji ba, za a kwashe sauran teburan, wurin ya koma kicin kawai.

Rediyo ta ce, "To ni me zan wanke, robar da ta tafi?" Aka yi dariya, ita Rediyo ba ta yi ba.

Kowa ya ɗauka aikin Sauri da na Rediyo kaɗai ke rawa. Nawa ya fi nasu rawa, ba wanda ya sani.

Talata, 4 ga wata, shida da rabi na safe

Shayi, sukari cokali uku. Ruwan zafi kawai na sha. Wata biyu da kwana tara ke nan tun zazzaɓin da ya kwantar da ni.

Laraba, 5 ga wata, uku na rana

Bari in rubuta yadda nake yi, ko don in ga ko haukan ya kai yadda nake zato.

Tun ba yau ba ni mai duba faranti ce. Idan an gama ci, nakan tsaya a bakin wurin wanke-wanke in kalli abin da ya dawo kafin Rediyo ta kankare. Faranti ba ya kunyar ka kamar kwastoma. Mutum zai ce maka abinci ya yi daɗi, farantinsa ya ce ƙarya yake. Idan an cinye shinkafa an ture miya gefe, gishiri ya wuce. Idan an tsame nama an bar saura, miyar ba ta da rai. Idan jug ɗin ruwa ya dawo wayam daga teburin mutum biyu, barkono ya yi yawa. Da can sha'awa ce kawai, ina yi don in ji daɗin raina.

Yanzu da shi nake girki. Ina rage gishirin tukunya da gangan, in bar farantai uku na farko su fita, in jira su dawo su gaya min, sannan in gyara babbar tukunya kafin odar waya ta taso da ƙarfe ɗaya. Ina ɗaga ludayi in kai baki a gaban kowa, in ɗan rufe ido, in gyaɗa kai, kamar yadda na saba. Wallahi duk wasan kwaikwayo ne.

Wanda na fi dogara da shi Mai Jarida ne. Dattijo ne, tebur na uku kusa da taga, sha biyu da kwata kullum, shekara ta fi goma. Bai taɓa yabo ba, bai taɓa kushe ba. Idan gishiri ya gaza yana barbaɗa sau biyu, Sauri ya zo ya gaya min a cikin hira. Idan ya wuce, kofi biyu na ruwa. Idan ya yi daidai, yana share farantin tas, ya kifa cokali. Bai san shekara nawa nake ƙara masa a addu'a ba.

Roba ba ta dawowa. Wannan ne abin da ba zan iya gaya wa Manaja ba. Idan ta ji dalili, wa zai bar mace irina a kan tukunya?

Alhamis, 6 ga wata, biyar na yamma

An canja min ludayin zuba miya. Na zo na tarar da wani ɗan ƙarami rataye a ƙusa, nawa kuma ba shi. Manaja ta ce man girki ya sake tashi, tumatir ya tashi, gas ya tashi, kuma kamfanin manhajar da ake oda ta cikinta yana cire kasonsa a kowace roba kafin mu ga komai. Ko a ƙara farashi, ko a rage zubi. Ta ce rage zubi ba a cika lura da shi ba.

Na ce, "A roba ba a lura. A faranti miyar nan ko tsakiyar shinkafa ba za ta rufe ba."

Ta ce, "Shi ya sa na sayo ƙananan farantai, Inna."

To madalla. An ƙanƙanta faranti don ya yi daidai da rowa. Naman da nake yankawa huɗu yanzu shida za a yanka. Na yanka, ina yi ina tsaki.

Jumma'a, 7 ga wata, biyu da rabi na rana

Abin da na gani yau da idona. Wani saurayi ya shigo, ya zauna a tebur na biyar, Sauri ya ja ƙafa ya je masa da takardar abinci, ya ce a'a, ya riga ya yi oda. A waya. Yana zaune a cikin gidan abincinmu ya yi odar abincinmu a waya, saboda manhajar tana ba da ragi yau. Muka zuba a roba, mai babur ya tashi daga benci, ya karɓa a kanta, ya yi taku shida ya miƙa masa. Ya ci da cokalin roba, ya ƙulle ragowar a leda ya tafi da ita. Ko ita robar ban samu na gani ba.

Sauri ya tsaya da takardar a hannu ya ce, "Yaya, ni fa yau na ga wanda ya fi ni aikina." Rediyo ta ce ai mai babur ɗin ya fi shi sauri ko ba babur.

Ma'aikatan ofisoshin layin nan da suke cika mana wuri da rana, yanzu kowa da kularsa daga gida nake ganin su suna wucewa. Masu shigowa kuma, biyu su sayi ɗaya su ce a ƙaro cokali. Faranti irin wannan ba ya gaya min komai, don ko me na zuba za su cinye, yunwa ce.

Lahadi, 9 ga wata, goma na safe

Autata ta kama ni. Na zuba madara a shayi na shanye rabi, ta zo ta ɗauki gorar ta kai hanci ta yamutse fuska. Ta ce, "Mama, madarar nan ta lalace tun jiya. Ba ki ji ba?"

Na ce hankalina ba ya wurin.

Ta tsaya tana kallo na. Yarinyar nan idon ubanta ta ɗauko, Allah ya jiƙansa, irin kallon da ba ya barin mutum ya gama ƙarya. Ta ce, "Shekaranjiya ma albasa ta ƙone kina tsaye a kanta." Na ce ta fita min daga kicin, ta je ta yi karatun jarabawarta tunda shi ake biya wa kuɗi. Na yi mata tsawa fiye da kima. Ta fita, ta bar min gorar a kan tebur.

Litinin, 10 ga wata, bakwai na yamma

Likita ya ce a jira. Na ce har yaushe? Ya ce wasu yakan dawo musu, wasu yakan jima. Na ce wasu kuma fa? Ya hau rubutu.

Talata, 11 ga wata, ɗaya da rabi na rana

Ashe rage zubin bai isa ba, farashin ma an ƙara. An liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwa.

Mai Jarida ya zo sha biyu da kwata. Ina leƙe ta tagar miƙa abinci. Ya ɗauki takardar da bai taɓa dubawa ba a shekara goma, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya duba. Ya kira Sauri ya tambaya a hankali ko ana yin rabi. Ba ma yin rabi. Na zuba masa cikakke na ce wa Sauri ya ce rabi ne. Manaja dai ta gani.

Ya share, ya kifa cokali. Na numfasa.

Alhamis, 13 ga wata, ɗaya na rana

Mai Jarida bai zo ba jiya, bai zo ba yau. Na ce wa Rediyo ta ɗanɗana min miya, wai bakina na ɗaci saboda magani. Ta ɗanɗana ta ce a ƙara kaɗan, ba ta ja zancen ba. Rediyo ba ta ja zance ba. Wannan ma abin tsoro ne.

Jumma'a, 14 ga wata, shida na yamma

Ba na son rubuta yau. Zan rubuta.

Tun shekaranjiya Manaja take murna, an samu odar mutum sittin, wani taro a wani ofis, za a ɗauka ƙarfe ɗaya. Ta ce idan suka ji daɗi kowane mako za su riƙa yi, kuma irin wannan ce kaɗai za ta riƙe mu. Na ce kar ta damu.

Rediyo ba ta zo da safe ba, haƙori ya kai ta asibiti. Mai Jarida bai zo ba. Na rage gishiri kamar kullum, na jira. Sha biyu da rabi aka samu tebur ɗaya tak, samari uku. Na ce wa Sauri ya sa min ido a kansu. Ya dawo ya ce, "Yaya, duk su ukun sun barbaɗa gishiri, ɗaya ma har ya buɗe murfin ya zuba." Na ce ashe na rage da yawa. Lokaci ya ƙure, masu babur sun cika benci suna buga makullai a gwiwa. Na ƙara a babbar tukunya. Na tsaya, na tuna wanda ya buɗe murfi, na sake ƙarawa. Na kai ludayi baki, na gyaɗa kai, aka hau zubawa.

Sai da robobi sittin suka bar layin nan farantan samarin suka dawo. Miya a gefe, duk ukun, jug biyu ba ko ɗigo. Na tambayi Sauri, sun ɗanɗana kafin su barbaɗa? Ya tsaya tunani, shi komai sai ya yi tunani, ya ce, "A'a, ajiyewata ke da wuya suka ɗauki gishirin." Irin mutanen nan ne masu barbaɗawa kafin su kai baki. Na san irinsu, shekara goma sha tara na san irinsu. Ban tambaya ba. Tambaya ɗaya ce, ban yi ta ba.

Na zagi Sauri, na ce ba shi da ido. Bawan Allah bai san laifinsa ba, ya ba ni haƙuri.

Asabar, 15 ga wata, sha ɗaya na safe

Taurari. Yanzu na koyi cewa gidan abinci da taurari yake rayuwa. Kowa ya ci sai ya danna a waya, daga ɗaya zuwa biyar, kuma idan namu suka sauka, manhajar takan tura sunanmu can ƙasa inda ba mai gani. Jiya mutum ashirin da wani abu sun danna ɗaya.

Manaja ta shigo kicin ta rufe ƙofa, ta karanta min. Wani ya ce ya sha ruwa gora biyu. Wata ta ce mai girkin ta je a duba ta. Wani ya sa hoton dariya kawai. Da a tebur ne, da Sauri ya dawo min da farantin farko na gyara, na fita na ba da haƙuri, an rabu da murmushi. Waɗannan ban san fuskarsu ba, ba su san tawa ba, sun yanke hukunci suna tauna.

Ta ce, "Inna, me ya faru?"

Na ce sabon gishirin da aka sayo ne, ya fi na da ƙarfi.

Ta kalli buhun gishirin. Shi ne dai wanda muke amfani da shi tun watan jiya, rabinsa ma ya tafi. Ta ce to, ta fita. Na yi wa yarinyar da na goya ƙarya a kan gishiri. Haushi nake ji, na rasa na wa.

Litinin, 17 ga wata, takwas na safe

An ɗauke wasu tebura huɗu. Har da na uku, na Mai Jarida.

Talata, 18 ga wata, huɗu na yamma

Manaja ta zo da wani mutum mai riga fes da jakar kwamfuta. Ta ce yana taimaka wa gidajen abinci su koma tsarin kai wa gida. Ya zagaya kicina yana auna bango da tef, ya buɗe tukwanena ba sallama, ya ce uku daga cikin abincinmu za a daina yi don ba sa jure tafiya a babur. Ya ce mai ci a yanzu ba daɗi kaɗai yake nema ba, so yake abin da ya ci yau ya zama shi zai ci jibi, ba ƙari ba ragi. Ya ciro sikeli ƙarami ya ajiye a kan teburina. Mai Sikeli zan kira shi.

Ya tambaye ni gishiri nawa nake sawa a babbar tukunya. Na ce gwargwadon tumatirin ranar. Ya ce a giram. Na ce tumatir ba ya zuwa da giram, wani mai tsami ne, wani mai ruwa, wani ya kwana a mota. Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Sun tsayar da Asabar. Zan girka komai a gabansu, suna aunawa, ina ɗanɗanawa. Inda na ce ya yi, nan za a tsaya a rubuta, ya zama ma'aunin gidan nan har abada. Manaja ta ce, "Harshenki za mu ajiye a takarda, Inna." Ta faɗa da fara'a, kamar kyauta take ba ni.

Kwana huɗu.

Laraba, 19 ga wata, bakwai na safe

Na sa gishiri tsantsa a kan harshe. Na ji ƙwayoyinsa, na ji ya narke. Shi ke nan.

Laraba, biyar da rabi na yamma

Na je gaishe da Baba, ban san me ya kai ni ba. Yana zaune a falo, ƙafar a kan matashi, ya rame. Ya ce, "Mai ludayi, an ce gidan ya koma tashar babura." Na ce kusan haka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce ba zai hana yarinya ba, zamaninta ne, kuma gaskiya tebura ba sa biyan hayar wurin da suke tsaye. Amma ya ce ya kafa mata sharaɗi ɗaya. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Na gaya mata, muddin harshen nan naki yana bakinki, ba mai taɓa miki tukunya. Shi na ɗauka aiki, ba hannu ba. Hannu kowa na da shi."

Na ce na gode, Baba. Aka kawo min lemo, na sha, ya tambaye ni ko bai yi zaƙi da yawa ba. Na ce daidai ne. Na yi masa sallama na fito.

Alhamis, 20 ga wata, uku na rana

Ba a jira ƙarshen watan ba. An ba Sauri da Rediyo takarda, gobe ce ranarsu ta ƙarshe. Manaja ta yi kuka da ta gaya musu, na gan ta tana goge ido a bayan kanta, don haka ba zan ce ba ta da zuciya ba. Ta nema wa Sauri wuri a wani otal. Allah ya ba masu otal ɗin haƙuri.

Mutum biyu suka ci a faranti yau. Biyu.

Jumma'a, 21 ga wata, shida da rabi na yamma

Rediyo ta wanke farantan ƙarshe, ta goge, ta jera su a kwali. Ina kankare tukunya ta zo ta tsaya a bayana, ta rage murya, abin da ban san ta iya ba.

Ta ce, "Yaya, gobe in zo?"

Na ce zuwa me, ba an sallame ki ba?

Ta ce, "In tsaya kusa da ke. In ce na zo ɗaukar kayana. Ki miƙo min cokali kamar wasa. Idan ya yi, in sosa kunne."

Na juyo. Ta ce tun makon da na dawo daga jinya ta sani. Ta ce da can ina kallon faranti kamar mai kallon talabijin, amma da na dawo sai na koma kallon sa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ta ce shi ya sa ta daina tara su wuri ɗaya, take jera min su tebur tebur, na Mai Jarida a gaba. Ni ina ɗauka tsafta ce ta shige ta. Rediyo, wadda idan ka gaya mata kana mura da safe, kafin rana mai gadin layi zai yi maka sannu. Kusan wata uku ta riƙe.

Maimakon in gode mata, sai na hau faɗa. Na ce ni za ta sosa wa kunne? Ni da na koya mata bambancin tafasa da dahuwa? Na ce kuma jibi fa, da gata, da ranar da tumatir zai canja, a ina zan samo kunnenta? Ta bar ni na gama. Ta ce, "To ki gaya mata, Yaya. Kin gaji."

Na gaji ɗin. Mun rungumi juna a gaban famfo, ruwa na zuba ba wanda ya kashe.

Asabar, 22 ga wata, biyar na yamma

Na zo da wuri. Ɗakin cin abinci fayau, an kwashe sauran huɗun da sassafe, sai tabon ƙafafun tebura a ƙasa. Mai Sikeli bai iso ba tukuna. Manaja tana kicin tana jera takardu. Na ce ta ajiye wayar, ina da magana. Ta ajiye.

Na gaya mata. Tun zazzaɓin ba na jin ɗanɗano, ba na jin ƙamshi, ko kaɗan. Na gaya mata zancen farantai, da Mai Jarida, da samarin nan uku, da cewa gishirin ba shi da laifi. Na ce ba zan tsaya yau in ce ya yi a kan abin da ban ji ba, a rubuta shi da sunana. Na ce na san sharaɗin Baba, kuma ni zan je in gaya masa da bakina. Na kwance atamfar aikina na ninke na ajiye a kan tebur. Kuɗin makarantar Auta ne kawai ke yawo a kaina.

Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba Inna, wata uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai?" Ta riƙe hannuna. Sannan fuskarta ta saki, na ga ta ji sauƙi, ta ce, "Wallahi na ɗauka wani babban abu za ki faɗa. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba zai taɓa aikinki ba ko kaɗan."

Ta ja ni ɗakin ajiya, ta buɗe wani kwali. Fakitoci ne a jere, farare, kowanne da lamba. Haɗin miya ne daga wani kamfani, an riga an sa komai a ciki, gishiri da barkono da sauran su. Fakiti ɗaya, ruwa zuwa layin da aka zana a tukunya, minti arba'in. Tun ranar Talata aka kawo su. Ta ce yawancin wuraren da ke kai abinci gida da shi suke aiki yanzu.

Na ce, to aune-aunen yau fa?

Ta sunkuyar da kai. Ta ce don Baba ne, don ya ji an girmama ni, kuma don ni ma kar in ji wani iri. Za a rubuta a ajiye. Ta ce, "Kin ga yanzu ba sai kin wahalar da kanki ba. Ba a buƙatar ɗanɗanawa sam, Inna. Ni hannu mai tsafta nake so, wanda na yarda da shi. Kuma Baba ba sai ya ji ba."

Ta ɗauko atamfar ta ɗaura min da kanta, kamar yadda nake ɗaura mata zani tana ƙarama. Da zuciya ɗaya ta yi. Na ce na gode. Me zan ce?

Wata uku ban yi barci mai daɗi ba a kan abin da ba a ma neman sa.

Litinin, 24 ga wata, bakwai na safe

Ina da aiki. Na gaya wa Auta, ta yi murna. Na shiga banɗaki na daɗe.

Laraba, 26 ga wata, biyu na rana

Yanka fakiti, zuba, ruwa zuwa layi, danna agogo. Agogon ya yi ƙara, kashe wuta. Ba mai shigowa sai masu babur, su kira lamba, in miƙa.

Asabar, 29 ga wata, huɗu na yamma

Taurari sun hau. Ofishin nan na mutum sittin ma sun sake gwada mu ranar Alhamis, sun ce za su ci gaba.

Ɗazu Manaja ta shigo da gudu, waya a hannu, fuskarta cike da murna. Ta ce, "Inna, tsaya ki ji wannan, ke ake yabo." Wani ne ya ba da biyar, ya rubuta cewa ya shekara yana cin abincin gidan nan, kwanakin baya ya lalace, amma yanzu hannun mai girkinmu ya dawo, har ya fi da. Ya ce a gaishe ta, a ce mata irinta ba su da yawa.

Ta karanta min sau biyu. Ta tsaya tana jiran in ce wani abu.

Na ce Allah ya saka masa da alheri. Sai na ce ta miƙo min almakashi, lokacin fakiti na biyu ya yi.